Yadda Za Ka Ci Gardamar Kifin Lau Ko Da Matarka Ta Haihu

Matso kusa, ɗan'uwa. Idan burinka shi ne ka zama wanda ba a rufe zance a zauren intanet sai ya sa baki, to ka zo inda ya dace. Matakai shida ne kacal, kuma na ba ka tabbacin suna aiki, domin an gwada su a kan Ukasha mai takalma na Kasuwar Jalingo, a makon da matarsa Furera ta haifi 'yarsu ta fari. Zauren nasu sunansa Jalingo Tsantsa, mutum dubu huɗu da 'yan kai, kuma wata uku ke nan ana kan magana guda: kifin Lau da na Ibi, wanne ya fi daɗi? Ukasha ɗan ɓangaren Lau ne. Bai taɓa taka Lau ba, kifi ma ƙaiƙayi yake sa masa, amma wannan ba ya hana mutum kishi.

1. Ka samo abokin gaba

Zaure babu abokin gaba zaman banza ne. Na Ukasha wata malamar firamare ce, Keziah, 'yar ɓangaren Ibi. Kullum da safe sai ta rubuta: “Oga Ukasha, kai bai ci kifi na Ibi ba, shi ya sa kana surutu.” Layi ɗaya take yi ta tafi aji. Shi kuwa sai ya wuni yana mayar da martani, mai sayen takalmi na tsaye da ƙafa ɗaya a ciki yana jiran a miƙo masa ɗayan.

2. Ka haddace “ina zuwa”

Kalmomi biyu ne, amma suna iya riƙe gida na shekara. Ranar Talata da hantsi aka yi haihuwar. Surukarsa Hajja ta miƙo masa jaririya ya yi mata huɗuba. Kowa a unguwarsu ta Nukkai ya san sunan da zai faɗa, don tun kafin aure yake cika baki cewa 'yarsa ta fari sunan marigayiya mahaifiyarsa za ta ci, wato Rauda. Ya yi kiran salla a kunnen yarinya, ya buɗe baki zai ambaci suna, sai waya ta motsa a aljihu.

“To, sunan fa?” in ji Hajja.

“Ina zuwa, Hajja.”

Ya mayar mata da jaririya ya fita. Ka lura, bai ƙi ba. Masani ba ya ƙi, jinkirtawa yake yi.

3. Ka nemi inda sabis ya fi ƙarfi

Kada ka yarda da falo, 'yan barka sun cika shi, kuma kowa so yake ka amsa gaisuwa. Ukasha ya zagaye gidan da waya a sama har ya gano cewa kan rufin ɗakin kaji a bayan gida ne sabis ke cika. Ya kafa tsani, ya hau da tabarma da buta. Daga can yake amsa barka da ɗaga hannu. Kwano zai yi zafi da rana, gaskiya ne, amma ka daure, yatsunka biyu kawai ake buƙata.

4. Kada ka yanke shawara kai kaɗai

Ranar Lahadi Furera ta lallaɓo bayan gida, tana dafa bango, ta ɗaga kai.

“Jibi suna. Sunan mahaifiyarka ne, daga bakinka nake so ya fito. In ba ka faɗa ba, wallahi ba za a sa ba.”

Maganar ta taɓa shi, har ya ji kewar tsohuwar ta taso masa. A nan ne marasa ƙwarewa ke sauka daga rufi. Ukasha kuwa ya yi abin da ya kamata: ya kai maganar zaure, ya buɗe ƙuri'a. Kafin la'asar 'yan Lau sun goyi bayan Rauda, 'yan Ibi sun ce ba su yarda ba tunda daga ɓangaren Lau ya fito, wani ya kawo sunan kakarsa, wani ya tallata man gashi. Aka koma kan kifi.

5. Ka janye tsani

Safiyar suna ita ce jarrabawa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya zauna, rago na ɗaure, goro da dabino na kan faranti. Daidai lokacin Keziah ta saka hoton wani ƙaton kifi ta ce na Ibi ne. Ukasha ya ja tsani sama don kada a dame shi.

Maƙwabcinsa Sajo ya zagayo. “Malam Ukasha, liman fa na jira.”

“Ina zuwa.”

Hajja da kanta ta zo, har da roƙo da Fulatanci. “Useni, Ukasha, don Allah ka sauko. Rana ta yi, mutane na da kasuwa.”

“Yanzun nan, Hajja. Hoton nan na ƙarya ne, daga wata ƙasa aka ɗauko shi.”

Ta juya ta aika wa liman saƙo.

6. Ka taya kowa murna

Babban ɗan zaure ba ya barin sanarwa ta wuce shi. Wajen ƙarfe tara Sajo ya saka hoton rago a rataye da jama'a suna shafa fatiha, ya rubuta: “An raɗa suna, Zakiyya.” Ukasha bai tsaya dubawa ba, yatsa ya riga ya saba. Ya rubuta: “Allah Ya raya. Gidan wa?”

Keziah ce ta fara amsawa. “Gida naka ne, Oga. Ni ma ina ciki, na kawo barka, an ba ni masa.”

Ya diro ba tsani, ya shiga ɗaki yana ɗingishi. Furera na zaune da yarinya a cinya, an yi mata lalle, ta yi kyau.

“Rauda fa?” in ji shi.

“Kwana bakwai muna jiran ka faɗa. Hajja ta ba da sunan ƙanwarta.”

Ya karɓi 'yar ya zauna a bakin gado. Kunya ta rufe shi, ya yi kuka sosai, irin wanda bai yi ba tun ranar da aka binne tsohuwar.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari baƙo a gidansa, ko kwano ya gasa shi, ko surukarsa ta daina amsa gaisuwarsa, to kada ya nemo ni, ni hanya kawai na nuna. Shi ma Ukasha ya same ni washegari, idonsa jawur, yana tambaya ko ana sake wa yarinya suna bayan an yanka rago. Na ce ni ba malami ba ne, ya je ya tambayi wanda ya sani. Ya ce haka ne, ya yi godiya, ya ciro waya ya jefa tambayar a zaure.