Igiyar Ranar Talata

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da teku ya nemi tafiya da ni ba. Ni dai na tsira, wandona ne bai dawo ba.

Lokacin ban daɗe da ajiye kakin sojan Bature ba, ina Zangon Akra, ga ƙirji, aljihu wayam. Wata makaranta na neman mai koya wa yara motsa jiki. Hedimasta ya ba ni gwajin wata guda, ya ce ranar ƙarshe zai zo ya gani, ko a ɗauke ni ko a sallame ni.

Yara ashirin ne, ƙafafu kamar sillen kara. Jan igiya muke yi, amma (tsakani da Allah) ba koyarwa nake ba, nuna ƙwanji nake. Biyar-biyar nake jan su in zubar. Suna da wata waƙar masunta da suke so su riƙa ja da ita, na hana. "Nan ba kasuwar kifi ba ce!"

Ranar gwaji ta faɗo Talata, na kwashe su sai bakin teku. 'Yan ƙabilar Ga, masu garin, ba sa shiga ruwa ran Talata, ni kuwa fili kawai na hango. Wata tsohuwa mai ƙyafa kifi ta tare mu. "Baba soja, yau ranar masu ruwa ce. Koma." Na ce, "Haba Iya, ni da na ga harsashi?"

Wurin tsit, jirage a kife, ko hankaka babu. Sai ga wata igiya mai kauri shimfiɗe a yashi, bakinta ɗaya ya shige cikin ruwa, ba sawun kowa kusa da ita. Yara suka ja da baya. Ina hango hedimasta tafe, sai na ɗaura ta a ƙuguna. "Ku ga yadda namiji ke ja!"

Na ja, ta biyo. Na sake ja, sai aka ja. Wallahi ba fizgar ruwa ba ce, jan mai hannu ne: a ja, a huta, a sake ja. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, ƙullin ya ƙi kwantuwa. Tsoro ya kama ni, ni soja guda na buɗe baki: "Wayyo Inna!" (Inna ta shekara goma da rasuwa.)

Sai na ji waƙar nan da na hana. Yaran sun ruga sun cafke ragowar igiyar a bayana, suna ja a kan amshi ɗaya. Taku bayan taku suka fito da ni, ina aman ruwa, daga ni sai riga.

Suka ci gaba har ɗaya bakin ya fito. Ba taru, ba jirgi. Ƙulli ne kawai irin na ƙuguna, faɗin mutum ɗaya, kuma a bushe yake ƙayau.

Hedimasta ya miƙo mini mayafinsa yana kallon gefe. "Yaran nan sun iya ja tare. Wa ya koya musu?"

Suka dubi juna, suka haɗa baki: "Malam ne."

Da ƙaryar nan na ci abinci shekara ashirin. Tun ranar, in za a ja igiya, can baya nake tsayawa, ni ke ba da waƙa. Ran Talata kuwa a harabar makaranta muke wasa, kuma mazagi biyu nake sa wa wandona.