Tayoyin Damina Ranar Ɗaukar Amarya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka ɗauko mini amaryata daga Lolo zuwa Kaoje, a bazarar da ta biyo bayan samun mulkin kai. Na ce "aka ɗauko" ne don sabon baki. Ni na ɗauko ta da kaina, kuma daga nan abin kunyar ya fara.

A lokacin ni direba ne. Ina jan a-kori-kurar wani Alhaji mai fataucin shinkafa da busasshen kifi. A duk yankinmu babu wata mota sai ita, babu mai iya jan ta sai ni. Karatuna bai wuce elementare ba, amma ina da tsari. Kowace safiya ruwa tukuna, sannan baƙin mai, sannan birki, sannan taya. Game da taya kuwa ina da ƙa'idodi da na riƙe kamar karatun allo. Na farko, taya mai manyan haƙora ta fi kowace taya, rani da damina. Na biyu, taya sai ta yi tauri kamar dutse, in ka ƙwanƙwasa ta da sifana ta amsa da ƙara. Na uku, in mota ta yi nauyin tafiya, totur ne maganinta. (Wanda ya koya mini tuƙi a Bagudo bai ce mini haka ba. Ni na shirya abina, kuma har ranar nan ba a taɓa kama ni ba.)

To, kowa ya san ango ba ya zuwa ɗaukar amarya. Ɓuya yake yi, abokai da gwaggwanni su je. Amma in na ɓuya wa zai ja motar? Babban abokina Mu'azu ya ce a kawo ta bisa jaki kamar yadda ake kawo ta kowa. Na ƙi. Na riga na ƙudurta a raina cewa tawa a mota za ta shigo gari. Sai muka shirya in naɗa rawani har hanci, in zama "direban Alhaji", kada in ce wa kowa uffan.

Ana gobe tafiya na dubi tayoyin da ke jikin motar. Sun ɗan sha hanya, haƙoransu sun kwanta, amma duk ranin nan su ke kai ni Lolo su dawo da ni lafiya. Na ga ba su dace da biki ba. Na kwance su, na ɗauko sababbi masu haƙora kamar na kada, waɗanda Alhaji ya sayo daga Dahome ya ajiye don damina. Na ɗaura, na yi ta buga musu famfo har sai da sifana ta yi tsalle a hannuna.

A Lolo komai ya tafi bisa tsari. Na jera kayan ɗaki da kaina: tabarmi a ƙasa, manyan tasoshi, sannan ƙanana. Mata suka hau baya tare da Mu'azu da Gwaggo Hassi, ƙanwar mahaifina. A gaba aka sa amarya cikin lulluɓi, kakarta Kaka Dudu tana tsakanina da ita. Muka taso bayan azahar don mu isa da sauran rana. Ban ga komai na amaryar ba sai yatsun hannunta da lalle, ta ɗora su bisa gwiwa. Har yau in na rufe ido ina ganin su.

Akwai wani rafi a hanyar, da damina ruwa, da bazara yashi zalla mai laushi kamar gari. Muna shiga na ji motar ta yi nauyi. Na tuna ƙa'ida ta uku, na taka totur. Ta yi gunji, ta watsa wa matan baya yashi, ba ta motsa ba. Na ƙara takawa. Sababbin haƙoran nan suka shiga aikinsu da gaske, suna haƙa rami, motar tana nutsewa, har cikinta ya kwanta bisa yashi kamar saniya mai tuƙa.

Kowa ya sauka ban da amarya da kakarta. Aka tura gaba, aka tura baya. Rana tana dukan ƙeya. Na shiga ƙarƙashin motar ina yaƙutar yashi da hannu, sai na ji muryar Gwaggo Hassi daga inuwar wata ƙirya.

"Motag ga kullum tana bin hanyag ga lahiya lau. Sai yau da anka sa wata ƙafa ciki. Allah dai shi raba mu da farar ƙafa."

Wanda bai sani ba, in aka ce amarya tana da farar ƙafa, an ce da rashin sa'a ta shigo. Maganar ba ta wankuwa. In akuya ta mutu a gidan ita ce, in ambaliya ta ci shinkafa ita ce, har tsufanta. Ga shi an fara tun ba ta ga ƙofar gidana ba. Ni kuma direban Alhaji ne, ba ni da bakin magana.

Na yunƙuro zan fito da sauri, wani ƙarfe ya kama bakin rawanin. Ina ja yana warwarewa. Na miƙe tsaye kai ba komai, fuska duk yashi, rawanina yana can ƙarƙashin mota. Kaka Dudu ta leƙo ta taga, ta dube ni sama da ƙasa.

"Sannu da aiki, direba. Ashe kai da angon jikata uwa ɗaya uba ɗaya."

Mata suka kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki.

"Kak ka wahal da kanka, ɗan nan," in ji ta. "Tun Lolo munka gane ka. Wa za shi tsaya jera tasoshi babba ƙasa ƙarami bisa, in ba kai ba?"

Na so yashin nan ya haɗiye ni yadda ya haɗiye tayoyin. Sai ga wata murya ƙasa-ƙasa daga cikin lulluɓi. (Ku tuna amarya ba ta magana sai an kai ta ɗaki abokan ango sun sayi baki. Tun da nake ban taɓa jin wadda ta karya wannan ba.)

"Kaka, ki ce mashi shi rage iskar tayoyin."

"Ya ji," in ji Kaka. "Kunnuwan sun hito daga rawani."

Maimakon in yi shiru, sai tsarina ya motsa. Na ce, "Kaka, ki ce mata ba a rage wa taya iska. Taya sai da tauri."

"Kaka, ki ce mashi direbobin da ke sauka gidan Baba haka su kan yi in sun zo yashi. Taya mai tauri nutsewa take, mai taushi kuwa shimfiɗewa. Waɗannan haƙoran na laka ne, ba na bazara ba. Kuma shi bar taka totur."

"Ni dai na gaji da aike," in ji Kaka. "Ga ka ga ta."

Na ari tsinken ashana wurin Mu'azu, na durƙusa gaban kowace taya ina danna bawul. Iskar da na kwashe yammacin jiya ina ɗurawa tana fita da tsaki, kamar ita ma ta raina ni. Aka share yashin gaban tayoyin, aka shimfiɗa tabarmin amarya. Na shiga, na sa giya, na taɓa totur a hankali kamar mai taka ƙwai. Motar ta ɗaga, ta yi tafiyar agwagwa, sai ga mu a tsallake. Aka rangaɗa guɗa.

Kafin kowa ya hau na je gaban Gwaggo Hassi na russuna. Na ce, "Gwaggo, ba ƙafar kowa ba ce. Tayata ce. Ni na sa ta damina da bazara." Na faɗa da ƙarfi yadda kowace mace za ta ji. Ta kawar da kai ta ce, "To, ai ni ban kama suna ba." Maganar farar ƙafa a rafin nan aka bar ta.

Saura guda. Da muka hau burji saƙo ya sake zuwa ta bakin Kaka: a mayar da iskar, don taya mai taushi ba ta jure hanya mai tauri da zafi. Haka ango ya tsaya cikin rigar biki yana buga famfo, 'yan rakiya suna yi masa waƙa. Da aka zo sayen baki kuwa Mu'azu ya ce ai an riga an ba mu kyauta a hanya. Amarya ta yi gum, sai da ya biya kamar kowa.

Mun yi zaman aure mai tsawo. Ba ta taɓa ba wa 'ya'yanmu wannan labari ba, ba ta taɓa yi mini gori da shi ba. Sai dai duk ranar da na kafe a kan magana, ina faɗa da yara ko da maƙwabci, ina na farko ina na biyu, sai ta zo wucewa da ƙwarya a hannu ta ce a hankali, "Malam, yashi ne." Nan take in sauko.

Yanzu an yi kwalta, an yi gada, ita kuma Allah ya yi mata rasuwa. Abin da na koya shi ne kowane lokaci da tayarsa, kuma ba kowace hanya ake bi da tauri ba. Na haddace wannan sarai. Amma har gobe ina taka totur inda bai kamata ba, sai in ji ina nutsewa, in tsaya ina sauraro ko wani zai ce wa Kaka ta ce mini.