Nomau da Baƙon Ƙarfe

A Kwarin Ɗinya, gida na ƙarshe kafin a gangara fadama, nan Nomau yake zaune da matarsa Tasalla da 'ya'yansu mata biyu da wata akuya mai karyayyen ƙaho. Ɗan ƙanena ne, a hannuna aka yaye shi, don haka ba wanda zai gaya min halinsa. Nomau ba ya ƙarya, ba ya ɗaukar na wani, ba ya gajiya. Aibinsa guda ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, ko da kai ba haka kake nufi ba. Yana yaro na taɓa ce masa ya tsaya nan har in dawo, na tafi suna hayin rafi. Da la'asar na dawo na same shi a tsaye inda na bar shi, kaji na kiwo tsakanin ƙafafunsa.

A shekarar da nake ba ku labari, wani kamfani daga birni ya kawo wa ƙungiyarmu ta masu noman rani mutum-mutumi. Tsawonsa bai wuce na yaron firamare ba, tayoyi ne ƙafafunsa, yana da siraran hannuwa biyu da idanu na gilashi, ga farantin sola a gadon bayansa. Aikinsa cire ciyawa a fangalin albasa. Wanda bai taɓa wannan cira ba ba zai san darajarsa ba. Mu tsofaffin mata da muke yin ta a sunkuye har baya ya ƙi miƙewa, mun sani. Injiniya Sa'ade, wadda ta kawo shi, ta faɗa a gaban Maigari cewa gwaji ne. In rani ya ƙare yana lafiya kuma ya yi aiki, ya zama namu. In ba haka ba, za ta haye da shi Gangaren Kuka, mutanen da tun kakanni ba su da aiki sai yi mana dariya.

Aka ce wa zai kula da shi. Maza suka shiga kallon ƙasa. Na ce a ba Nomau. Sarkin Noma Jibo ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Gwaggo Yalwa, ƙarfen birni za a damƙa wa Nomau?"

"Ku masu wayo an taɓa damƙa muku injin ban-ruwa," na ce. "Ina yake yanzu, Jibo?"

Ya gyara hula ya kau da kai, don kowa ya san rabin injin nan yana jikin babur ɗinsa. Maigari ya dubi Nomau ya ce, "To, ga baƙonka nan. Ka riƙe shi yadda ake riƙe baƙo." Daga wannan magana komai ya taso.

Wata rana, washegarin zuwansa, Tasalla ta shigo ɗakina tana share ido da gefen zane. Nomau ya fitar da su daga ɗakin kwana ya shimfiɗa wa baƙo sabuwar tabarma, wannan ta haƙura. Amma ya kai masa tuwo baƙo bai ci ba, shi kuma ya rantse mai gida ba ya cin abinci baƙonsa na zaune da yunwa. Tun jiya ko ruwa bai sha ba. Na je na same shi zaune gaban kwano yana lallashi, "Malam Baƙo, ko loma ɗaya." Da na ce masa ƙarfe ba ya cin tuwo, da sai ya ce Maigari bai faɗi haka ba. Sai na ce, "Baƙonka mai kunya ne. Ka ajiye masa a zaure ka ba shi baya, kada ka waiwaya." Ya ajiye, ya juya, bai waiwaya ba. Akuya ta shigo ta yi abin da ta zo yi. Nomau ya ɗauko kwano fes yana murna. "Gwaggo, har miyar ya suɗe. Ashe kuka yake so." Tun daga ranar safe da yamma ana kai kwano zaure, akuyar Tasalla kuwa ta fara sheƙi.

Wata rana muka wayi gari ba a ga mutum-mutumi a fadama ba. Hantsi ya yi, rana ta take, shiru. Na bi sawu har ƙofar gida, na tarar da Nomau a durƙushe, zufa na zuba. An koya wa ƙarfen nan cewa duk wanda ya gaishe shi ya amsa kuma ya mayar. Ni kuma tun Nomau na yaro na koya masa cewa mai masauki ba ya yanke gaisuwa, baƙo ke yankewa.

"Ina gajiya?" in ji Nomau, muryarsa ta dishe.

"Ba gajiya. Ina gajiya?" in ji ƙarfe.

"Ba gajiya. Yaya mutanen gida?"

"Lafiya lau. Yaya mutanen gida?"

Tun asuba suke nan, an gaida gida an gaida daji an sake dawowa gida. Na rufe bakin Nomau da tafin hannuna, ƙarfe ya jira bai ji komai ba, ya juya ya nufi fadama. Na ce masa daga yau in ya gaida lafiya da iyali da aiki da sanyi, ya kai kan awaki da kaji, to ya tsaya nan. Ya riƙe. Bai taɓa tsallake ko kaza ɗaya ba.

Wata rana Injiniya Sa'ade ta zo dubawa, ta ga laka a jikin abin, ta ce, "Malam Nomau, kada ka bari ruwa ya taɓa shi." Ta shiga mota ta tafi. A fadama fa ake maganar. Nomau ya ɗauki fartanya ya bi duk hanyoyin ruwa ya toshe su da ƙasa, daga bakin rafi har fangalin ƙarshe. Albasa ta yi yaushi, manoma suka zo min a fusace, Jibo a gaba. Na ce wa Nomau in ruwa ya taɓa ƙafar baƙo ba komai, kai ake tsarewa. Ranar kasuwa sai ga shi da malafa mai faɗin faifai uku, ya kifa wa baƙo, ya ɗaure da igiya a haɓa. Malafa ta rufe idanun gilashi ruf. Ƙarfe ya shiga gona a makance, hannunsa kuwa bai daina aiki ba. Gonar da ya faɗa ta Jibo ce. Kafin a ankara ya tuge albasa layi-layi ya tara a gefe, ya bar ciyawa tsaye tana kaɗawa, sannan ya ce, "An gama. Sannu da aiki." Jibo ya zauna a kan kunya ya riƙe kai. Mu mata muka taru muka sake dasa masa, ba don ya cancanta ba. Da Injiniya ta ji, ba ta yi dariya ba. Ta ce a rabu da malafa, kuma haƙurinta ya fara ƙarewa.

Wata rana samarin gidan kallo suka tare Nomau a bakin kasuwa. Su ne masu kwana gaban talabijin suna kallon finafinan da mutum-mutumi ke juya wa mutane baya yana rushe birane. Suka ce masa, "Kai da kake kwana gida ɗaya da shi, ka dinga duba idonsa. Ranar da ya yi ja, ka ruga ka gaya wa gari, don ya fara ke nan." Ba a jima ba aka yi yinin hadari, rana ba ta fito ba, cajin abin ya yi ƙasa, wata 'yar jar fitila ta kama a idonsa. Nomau ya bi lungu-lungu yana faɗa da ƙarfi, "Ya yi ja, ya fara." Samarin da suka ƙirƙiro maganar su suka riga kowa haye katanga. Mahauci ya bar nama a kan teburi, wanzami ya bar Maigari da rabin aski. Ni ƙafata ba ta gudu, don haka na ɗauki taɓarya na gangara. Na same shi tsaye a tsakiyar fangali yana cewa a hankali, "Ina buƙatar rana. Ina buƙatar rana." Na ce, "Duk garin nan muna buƙatar hankali, kai rana kawai." Labari ya kai Gangaren Kuka kafin magariba, har yaransu suka yi masa waƙa. Injiniya ta bugo wa Maigari waya ta ce in aka ƙara ko da ɗaya, za ta zo ta ɗauke abinta. Mata suka daina amsa gaisuwata da daɗi. Ni ma na fara shafa bayana ina tuna cira.

Wata rana, rani ya kusa ƙarewa, sai ga farar mota a ƙofar Maigari da hantsi. Maza biyu suka fito sanye da riguna iri ɗaya, masu tambari a ƙirji. Suka ce kamfani ne ya aiko su, za su kai mutum-mutumi birni a gyara shi, yanzu-yanzu, suna sauri. Jibo ya yi ta rawar jiki yana kiran su yallaɓai. Ni kaina na ɗauka ƙarshen ke nan, Injiniya ta cika alkawari. Maigari ya aika aka kira Nomau.

"Baƙonka zai tafi. Je ka sallame shi yadda ya kamata, ka miƙa wa bayin Allahn nan."

"To, ranka ya daɗe," in ji Nomau.

A garinmu baƙon da ya daɗe ba ya fita kamar ɓarawo. Gida-gida ake kai shi ya yi bankwana, kowane gida a ba shi guzuri, sannan a raka shi har bakin rafi. Nomau ya kama hannun ƙarfe ya fara daga gidan Liman. Ya yi sallama, ya gabatar da baƙo, aka shiga gaisuwa: lafiya, iyali, aiki, sanyi, awaki, kaji. Ƙarfe na amsawa yana mayarwa. Matar Liman ta kawo ƙwai. Aka shiga gida na gaba, aka faro daga lafiya.

Dogon cikin mutanen nan biyu ya biyo su yana duba agogo. "Malam, ba mu da lokacin wannan. Kawo shi."

"Saura gidan Sarkin Fawa, yallaɓai. In aka tsallake shi zai ji haushi."

"Gida nawa ne a garin?"

"Ban da na hayi?" in ji Nomau.

Dogon ya kai hannu zai fizge abin. A nan tsofaffi suka sa baki. Baƙon da ya ɗauke mana ciwon baya, a fitar da shi ba sallama? Muka ce ba a garin nan ba. Maigari da kansa ya ce ai shi ya ba da umarni, a bari a gama. Guzuri kuwa duk Nomau cikin farar mota yake kaiwa: albasa, kabewa, daddawa, zabi biyu, har da wani ɗan rago da ya ɗaure a sitiyari don kada ya gudu. Azahar ta yi, la'asar ta gabato, ba a kai rabin gari ba. Yara da mata suka cika gaba da bayan mota suna jiran rakiya, ko taku ɗaya ba ta iya yi.

Ana cikin gaida kajin gidan wanzami sai ga ƙurar wata mota. Injiniya Sa'ade ta fito ranta a ɓace, waya a hannu.

"Tun safe wayata ke nuna min yana yawo gida-gida bai taɓa ciyawa ko ɗaya ba. Na gaya muku. Yau zan tafi da shi."

"Ai ga mutanenki nan kin riga kin aiko, Hajiya," in ji Maigari.

Ta dube su sama da ƙasa. "Waɗannan su wane ne?"

Gajeren ya faɗa mota, ya tarar da rago a kujerar direba. Dogon ya yanki fadama da gudu, ya faɗa fangalin da aka yi wa ban-ruwa da safe, laka ta riƙe shi har gwiwa. Samarin gidan kallo suka ciro shi, wannan ne aikin kirki na farko da na ga sun yi. Injiniya ta ce an sace irin wannan ƙarfe a wasu garuruwa da wannan dabarar, shigowa da fita ba ya kai shan kofin shayi, suna sa shi a mota su kashe shi, wayarta ta daina ganinsa. Ta tambaya wa ya riƙe su yini guda. Jibo ya buɗe baki zai yi magana, na dube shi, ya rufe.

Nomau ya matso yana murza hula. "Hajiya Injiniya, a yi haƙuri. Ba mu gama cikin gari ba, balle na hayi."

Ta daɗe tana dubansa, sannan ta yi dariya har ta dafa mota. Ta juya ga Maigari ta ce gwaji ya ƙare, ba sai an jira ƙarshen rani ba, mutum-mutumi ya zama na Kwarin Ɗinya, kuma Nomau ne mai kula da shi muddin yana so. Mata suka rangaɗa guɗa, na tabbata an ji ta a Gangaren Kuka. Ni ban yi guɗa ba, na dai bi ta gaban Jibo a hankali, bayana a miƙe.

Maigari ya dafa kafaɗar Nomau ya ce, "Ka ji. Daga yau ba baƙo ba ne, ɗan gari ne kamar kowa."

Nomau ya ji. A yammacin nan ya naɗe sabuwar tabarma, ya mayar da Tasalla da yara ɗakinsu, ya bi gida-gida ya mayar wa kowa guzurinsa har ƙwan matar Liman. Da safe ya tsaya gaban ƙarfe ya ce, "Ina kwana," bai jira kaji ba, ya nuna masa hanyar fadama. Kwanon zaure kuwa ya kife shi, don ɗan gari shi ke neman abincinsa.

Albasarmu ta wannan shekarar sai da aka yi hayar babbar mota. Kowa a Kwarin Ɗinya ya ci riba, ban da akuyar Tasalla. Har yau safe da yamma tana zuwa zaure ta tsaya, ta rame kamar kara.