Rasuwar Mai Huci, Injin Hura Ganyen Gidan Malam

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai cike da ciwo, iyalan Malam na gidan ƙarshen layi suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar injinsu na hura ganye, wanda aka fi sani da Mai Huci. Ya rasu ranar Alhamis tsakanin hantsi da azahar, shi kaɗai a cikin sito, bayan jinyar makunni ta wata biyu. Shekararsa huɗu da 'yan watanni.

Ga waɗanda ba su san gidan ba, mutum biyu ne suka rage a cikinsa. Akwai Malam, wanda ya koyar a firamare shekara talatin da biyar kafin ya ajiye alli, da mai ɗakinsa, wadda kowa a layin ke kira Umma. 'Ya'ya sun girma, kowa ya kama gabansa. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sha ba. Abin da suka rasa shi ne baya mai iya sunkuyawa, ga kuma bishiyoyi biyar a tsakar gida, darbejiya biyu, mangwaro biyu da gwaiba ɗaya, waɗanda ba su san mai gidan ya tsufa ba. Kullum sai su zubar da ganye kamar an biya su.

Wata damina Umma ta taka jiƙaƙƙen ganye a hanyar famfo, ta zame, ƙashin ƙugunta ya tsage. Babbar 'yarsu, ma'aikaciyar jinya ce, wadda Malam ke kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ta, ita ta yi jinyar. Ranar da aka sallamo Umma, Uwata ta zo da kwali ta ajiye a gaban mahaifinta.

"Baba, ga shi," ta ce. "Muddin wannan yana aiki, bishiyoyinka suna nan. Ranar da na ga ganye ya sake taruwa a hanyar Umma, mai zarto zan kira. Ban ce biyu ba, ban ce uku ba. Duka."

Malam ya ce ya ji. A kan wannan sharaɗi marigayi ya shigo gidan, kuma ya riƙe amana har ƙarshen rayuwarsa.

Waɗanda suka zauna da shi sun shaida bai taɓa makara ba. Ƙarfe bakwai da rabi, lokacin da a da Malam kan buga ƙararrawa, za a ji shi ya yi gyaran murya, kirrr, sannan ya buɗe baki gaba ɗaya, fuuuuu. Bai san gulma ba, abin da ke cikinsa shi yake fitarwa. Bai taɓa neman mai ba, bai taɓa neman ruwa ba, wuta kawai, in an kawo. Idan ba a kawo ba ya kwanta a sito ba tare da ƙorafi ba.

Gaskiya ita ce, wani zai iya gama tsakar gidan da shi a minti goma. Malam kan ɗauki awa guda. Ba ya tara ganye tsibi ɗaya kamar sauran mutane. Layi-layi yake jera su a gindin katanga, na darbejiya a gaba saboda su ne ƙanana, na gwaiba a tsakiya, na mangwaro dogaye a baya. Idan wani ganye ya fita daga sahu sai ya bi shi da bakin injin a hankali, ya mayar da shi wurinsa, ba faɗa. Marigayi bai taɓa tambayar dalili ba. Wannan ma yana daga kyawawan halayensa.

Ba za a ɓoye ba, yana da nasa rauni. Kajin maƙwabta ba su taɓa yafe masa ba. Tela, wanda katanga ɗaya ta raba shi da gidan, ya ce shekara huɗu ke nan bai ji ƙarshen labaran safe a rediyo ba. Duk da haka shi ne na farko da ya zo ta'aziyya.

Ciwon ya fara da kaɗan. Makunnin da a da taɓawa ɗaya ta ishe shi ya koma sai an danna sau biyu. Daga nan sai an danna an riƙe. Daga nan sai an riƙe an karkata shi hagu, ana lallashi. Malam ya ɗaure shi da roba, ya yi kwana goma a haka. Wasu safiyoyin sai ya ce kir, kir, ya yi shiru, kamar mai son magana numfashi ya ƙi.

Akwai mai gyaran fanka a bakin titi, mutum mai hannu, da an kai masa da ya canja makunnin kafin shayi ya huce. Amma shagonsa yana kallon ƙofar asibitin da Uwata ke aiki, kuma mutum ne da magana ba ta kwana a cikinsa. Malam ya auna ya ga kai masa marar lafiya daidai yake da kiran mai zarto da bakinsa. Don haka duk lokacin da ta bugo waya ta tambayi lafiyar Mai Huci, sai ya ce, "Ƙalau yake, Uwata. Hutun rabin zango yake yi."

Sai ya yanke shawarar yin aikin da kansa. Ya shimfiɗa tsohuwar jarida a baranda, ya ɗauko rula da jan biro, ya zana gidaje goma sha huɗu, ya sa wa kowane lamba. Duk abin da ya kwance sai ya ajiye shi a gidansa bi da bi, domin in an zo mayarwa a fara daga goma sha huɗu a dawo ɗaya. Kusoshi shida suka shiga gidajensu. Murfi ya shiga nasa. Sai 'yan ƙarafan jan ƙarfe biyu da suka yi baƙi, ya kankare su da reza har suka yi ƙyalli. A gida na goma ya ajiye wani ɗan sifirin, murɗaɗɗiyar waya da ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, wadda ita ke dawo da makunnin idan an danna. Duk wanda ya ga jaridar nan zai san malami ne ya yi aikin.

Kafin ya mayar, sai ya ce bari ya tabbatar ciwon a makunni kaɗai yake, bai shiga ciki ba. Ya haɗa wayoyin biyu kai tsaye, ya naɗe da baƙin tef. Ya ajiye marar lafiya a gabansa, yana fuskantar jaridar, yadda ya saba zaunar da kowa yana fuskantar allo. Ya ce wa Umma ta sa a soket.

"Malam, ka juya bakinsa," in ji Umma.

"Daƙiƙa ɗaya ce, gwaji ne kawai."

Ta sa. Marigayi ya nuna cewa cikinsa lafiya lau. Ya yi fuuuuu irin wadda bai yi ba tun yana sabo, ya ɗauke jaridar da gidajenta goma sha huɗu, ya watsa kayan cikinsa da bakinsa a cikin ganyen kwana uku.

Sun yini suna nema, shi a durƙushe, ita a kan kujera tana nuni da sanda. Sun samu goma sha ɗaya. Kusa biyu da ɗan sifirin na gida na goma ba a gan su ba. Umma ba ta ce na faɗa maka ba. Ta dai dube shi sau ɗaya, ya gane.

Daga ranar marigayi ya rayu ba makunni. Idan yana soket yana huci, idan an cire ya yi shiru, babu tsaka-tsaki. Sai Umma ta zama makunninsa. Kowace safiya ta jawo kujera kusa da soket ɗin baranda. Malam ya ɗaga hannu ta sa, ya sauke ta cire. Wani lokaci ta cire tun bai sauke ba, ta ce ya isa, ya gaji. Wani lokaci ya sauke ta ƙi cirewa, ta nuna masa ganye ɗaya da ya ɓuya a bayan tukunyar fure. Kwana tara suka yi a haka. Malam ya ce tun da ya bar aiki bai samu mataimakin da ya fi ta gardama ba, kuma bai samu wanda ya fi ta iya aiki ba.

Ranar Alhamis suna tsakiyar layi na biyu aka ɗauke wuta. Ranar ce za a duba ƙugun Umma a asibiti, suna sauri. Malam ya shigar da marigayi sito, ya ja ƙofa a kan wayarsa, ya kulle. Bai cire shi daga soket ba. Shekara huɗu ya saba idan Mai Huci ya yi shiru to a kashe yake. Ita kuma Umma ta saba sai an sauke hannu take cirewa, ranar kuwa ba wanda ya sauke hannu.

Ba su daɗe da fita ba aka dawo da wuta.

Tela ya ce ya ji shi tun wajen ƙarfe tara. Ya ce a ransa, yau Malam da ƙwazo ya tashi. Ƙarfe goma yana ji. Sha ɗaya yana ji, har ya ƙara muryar rediyo. Ya ce wajen sha biyu muryar ta fara sauka, fuuu, fuu, sannan wani kuka siriri, iiii, sannan tak. Wannan ce maganar marigayi ta ƙarshe, kuma ba wanda ke kusa da zai cire masa waya.

Da suka dawo, ƙauri ne ya tarbe su tun daga ƙofa. A cikin sito akwai kwalaye uku na tsofaffin takardun Malam, shirin darasi da rajistar ɗalibai na shekaru masu yawa. Marigayi ya ƙarar da ransa yana aiki a kansu. Ya tattara su duka a kusurwa ɗaya, tsibi guda, ba layi. Mai gyaran fanka, wanda a ƙarshe dole aka kira, ya shinshina sau ɗaya ya ce kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar cikinsa, ya ƙone ƙurmus, sai haƙuri. Kafin la'asar labari ya isa asibiti.

Marigayi ya rasu ya bar Malam, da Umma, da bishiyoyi biyar waɗanda ransu ke rataye da nasa. Ya bar doguwar wayarsa, wadda ba abin da ya same ta, an kuma ba da ita ga dutsen guga. Ya bar 'yar uwarsa tsintsiya, da aka yi wa ritaya shekara huɗu da suka wuce, yanzu an dawo da ita aiki ba tare da an nemi ra'ayinta ba. Ya bar kusa biyu a wani wuri cikin tsakar gida. Ɗan sifirin kuwa Umma ta tsince shi washegari, manne a ƙasan takalmin Malam.

Uwata ta zo ranar Juma'a da sassafe, kafin ta wuce aiki. Ta riga ta yi magana da mai zarto, ya ce Asabar. Ba ta ƙwanƙwasa ba, tana da mabuɗi. Ta tarar da mahaifinta a sunkuye da gajeriyar tsintsiya, hannu ɗaya a ƙugu, ya gama layin darbejiya, yana kan na gwaiba. Kowane taku uku sai ya miƙe ya huta. Bai gan ta ba. Tana jin sa yana cewa ƙasa-ƙasa, "Na baya, ku matso. Kai dogo, koma wurinka." Umma na zaune a kujerarta kusa da soket ɗin da babu komai a jikinsa.

Da ya juyo ya gan ta sai ya jingine tsintsiyar.

"Uwata, alkawari alkawari ne. Na kuma yi miki ƙarya wata biyu. Ki kira shi."

"Na riga na kira shi, Baba."

"To."

Ta daɗe tana kallon layukan. Sannan ta ajiye jakarta a kan cinyar Umma, ta ɗauki tsintsiyar, ta tambaye shi na mangwaro a ina suke tsayawa. Ta makara a wurin aiki ranar.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da ƙarfe bakwai da rabi, lokacin da marigayi ya saba tashi. Za a mayar masa da ɗan sifirinsa, a ɗaure kusoshin da suka samu, a sa shi a kwalin da ya zo a ciki, wanda Malam ya adana. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ne zai ɗauke shi a kurarsa. Mai zarto zai halarta kamar yadda aka yi da shi, amma an rage masa aiki: rassa biyu na mangwaron da ke kan hanyar famfo kawai zai sauke, ya tafi. Ba za a yi zaman makoki ba, masu gidan sun gaji. Mai son yin ta'aziyya ya zo da tsintsiya mai dogon hannu, ya kuma bi tsarin da zai tarar, ƙanana a gaba, dogaye a baya.

Umma ta tambayi 'yarta me ya sa ta janye maganarta, ita da ba ta janyewa. Ta ce ta gane ne cewa in aka sare bishiyoyin, Baba zai tashi ƙarfe bakwai da rabi ya fito tsakar gida, ya tarar babu kowa a layi.