Ƙafar Alhaji Isufu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na durƙusa gaban Alhaji Isufu na yi wa ƙafarsa magani. Har yau in na tuna, ko ni kaɗai ne a ɗaki, sai na rufe fuska.

Lokacin ina karatun kine a Lyon, wato aikin tausa da motsa gaɓoɓin marasa lafiya. Sau ɗaya a wata kuma nakan hau jirgin ƙasa zuwa Paris, inda wata dattijuwa 'yar ƙasar Sin, Madam Lin, ke koya mana maganin allura irin nasu. Wata uku kacal na yi, amma in ka ji ni ina magana sai ka rantse a Sin aka yanke mini cibiya, ba a Maradi ba.

A darasi na uku ta nuna mana wani gurbi da ake kira Zusanli. Yana ƙasa da gwiwa da faɗin yatsu huɗu, a gefen ƙashin ƙwauri ta waje. Ta ce a fahimtar magabatansu akwai wani ƙarfi mai suna "ci" (ba cin tuwo ba) da ke gudana cikin jiki ta hanyoyi, kamar ruwa a lambu, kuma wannan gurbin yana kan hanyar ciki, wato ta tumbi. Ma'anar sunan "zango uku na ƙafa", don an ce matafiyin da ya gaji, in aka taɓa masa wurin, sai ya ƙara zango uku. Abin ya shige ni sosai. Duk hanyar komawa Lyon ina danna ƙwaurina, har matar da ke kusa da ni ta sake kujera.

Sati biyu bayan haka aka yi sunan ɗan yayar Ramatu a unguwar Minguettes, gefen Lyon. Ramatu ita ce yarinyar da nake nema, haifaffiyar nan Faransa. Tun a waya ta ja mini kunne: "Tonton Isufu zai zo, wan babana ne. In ya ce to, magana ta ƙare. Don Allah ka rage surutu." Na ce mata kada ta damu.

Bayan azahar maza muka cika falo a hawa na tara, kowa a kan darduma, sai Alhaji shi kaɗai a kujera (na ɗauka girma ne aka ba shi). Da aka kawo shinkafa ya ture kwanon, ya ce kwana biyu cikinsa ba ya karɓar abinci, ga kasala.

Nan Shaiɗan ya dafa mini kafaɗa.

Na ce, "Baba Alhaji, in ka yarda akwai wani gurbi da zan danna maka, ba sai da allura ba."

Ya dube ni, ya ce, "Kai ne likitan da ake faɗi? Bismillah."

Na durƙusa na kama ƙafar dama, ta saman wando. Ban tsaya nan ba, sai da na juyo na yi wa jama'a wa'azi. Na kawo hanyar ciki, na kawo ci, na kawo matafiyi da zangonsa uku. Na ga wasu sun sunkuyar da kai, mahaifin Ramatu yana ta gyaran murya, ni kuwa na ce a raina ilimi ne ya dake su.

Na auna yatsu huɗu, na danna. Wurin tauri kamar taɓarya.

"Ka ji wani abu yana sauka zuwa yatsu, Baba?"

"Ban ji ba, ɗana."

Na ƙara ƙarfi har babban yatsana ya lanƙwashe. Sai na ɗago kai, cike da tausayi, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Subhanallahi! Baba, hanyar nan ta toshe gaba ɗaya. Wannan ya yi shekaru babu abin da ke wucewa."

Ya ce, "Gaskiyarka. Shekara ashirin da biyu."

Ya sa hannu a natse ya naɗe wandon zuwa gwiwa, ya ƙwanƙwasa ƙwaurin da zobensa. Ƙwas, ƙwas. Roba ce da ƙarfe, an saka mata safa.

"Tawa inji ya cinye ta a wata ma'aikata a Saint-Fons," in ji shi. "Wannan ta asibiti ce. Amma ka yi ƙoƙari, kai ne na farko da ya gano ba ta aiki."

Wani tsoho ne ya fara ƙwarewa da lemo, daga nan falon ya fashe. Dariyar ta kai har kicin, mata suka leƙo, Ramatu na cikinsu riƙe da faranti. Ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ni dai ina durƙushe, hannuna bisa roba, zufa na bin bayana, na rasa ko tashi zan yi ko in nemi ƙasa ta tsage. Abin da ya fi ƙona ni shi ne na tone wa dattijo abin da ya rufe da wandonsa, a gaban surukai da baƙi, don kawai a ce na sani.

Na ce, "Baba, ka yafe mini." Muryata kamar ta ɗan akuya.

Ya dafa kaina. "Tashi ka ci abinci. Wanda ya durƙusa wa ƙafar roba, ai ba zai wulaƙanta 'yata ba."

Kwana huɗu Ramatu ba ta ɗauki wayata ba. Da na koma Paris na ba Madam Lin labari, sai da ta cire tabarau ta share hawaye. Sannan ta ce a tsohon littafinsu matakan duba marar lafiya huɗu ne: ka duba, ka saurara, ka tambaya, sannan ka taɓa. "Kai ka fara daga na huɗu," in ji ta, "kuma a kan mutumin da ba ka ko tambayi labarinsa ba."

An ɗaura aurenmu bayan shekara guda, Alhaji ne waliyyi. Har gobe a dangin matata sunana Likitan Roba, yara ma da aka haifa daga baya haka suka taso suna kirana, sun ɗauka digiri ne.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na yarda. Yanzu duk wanda ya shigo wurin aikina, ko ciwon wuya ya kawo shi, sai na zaunar da shi na tambaye shi da ladabi: "Malam, kafin mu fara, duk jikin nan naka ne?"