Gwarzon Shekara Mai Kumburarren Kunci

Jama'a, ku taya ni murna, amma don Allah kada wanda ya ba ni dariya, bakin ba ya buɗuwa. Yanzun nan na dawo daga asibiti, zuwa na huɗu ke nan a kan haƙori ɗaya, na can ƙurya ta hagu. Sati uku ina tauna da gefe guda kamar akuya, kuma har yanzu yana nan daram.

Shekara biyar ana yankar kuɗin inshorar lafiya daga albashina. Bana manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya tunda su suna da inda za su kai ta, suka yi wa tsarin gyara wai don ya ɗore. Ma'anar ɗorewar ita ce, likita ba zai taɓa ka ba sai kamfani ya amince. Zuwana na farko aka ce na'ura ba ta aiki. Na biyu aka ce haƙoran gaba ne kawai a cikin tsari. Na uku aka ce an samu amincewa, amma ta haƙorin dama ce, wanda lafiyarsa ƙalau.

Maƙwabcina mai gyaran famfo ya dubi fuskata ya ce in zo da filaya ya raba ni da shi cikin minti biyu. Na ce masa ni mai inshora ne, ba na wannan harkar.

Ana cikin haka sai ga wasiƙa daga kamfanin, wai an zaɓe ni gwarzon abokin hulɗa na shekara, saboda tun da na shiga ban taɓa jawo musu asarar ko ƙwayar magani ɗaya ba. Raina ya ɓaci, na so in yaga ta. Matata ta hana, ta ce in je bikin karramawar da suka gayyace ni, ai ga dama ta samu in nuna wa mai kamfanin kuncina ido da ido.

Na je. Otal ne mai sanyi, ga nama tuli a faranti, ni kuwa sai kallo. Mai kamfanin, Mai Girma Uban Ɗorewa, ya hau mumbari ya sanar da cewa ribar bana ta ninka ta bara, aka yi tafi, har da ni, don kowa na kallona. Aka kira ni, ya miƙa mini lema mai tambarin kamfani. Na matsa kusa da kunnensa na ce, ranka ya daɗe, haƙori ne ya hana ni sakat. Ya dafa kafaɗata.

"Irinku masu haƙuri ne ginshiƙin wannan tsari," in ji shi.

Mai hoto kuma ya ce in juyo da kuncin dama, na hagun yana ɓata masa aiki. Na juya.

To yau da na isa asibitin, me zan gani a bango, saman kan ma'aikaciyar da ke karɓar kati? Ni ne, da lemata, an rubuta a ƙasa: Ka Zama Kamarsa. Ta karɓi katin ba ta ko ɗago ba, ta ce amincewa ba ta iso ba, in yi koyi da bawan Allahn nan na bango da ba ya damun kowa. Na juya mata kuncin dama. Ta dube ni, ta dubi hoton, ta riƙe baki.

"Haba baba, gwarzo guda! A kan haƙori ɗaya za ka ɓata tarihinka?"

Wallahi sai da na ji kunya.

Yanzu haka maƙwabcina na tafasa filayarsa a tukunya. Ya ce ba zai karɓi ko kwabo ba, lemar kawai yake so. Saboda haka kada in sake jin wani ɗan baƙin ciki ya ce kamfanin nan ba ya biya wa mutane magani.