Dutsen da Ya Yi Kumfa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da sufeton makarantu ya zo duba ajina a Malanville. Lokacin ina koyar da kimiyya na wucin gadi, kuma rahotonsa ne zai sa a ɗauke ni aikin dindindin.

Darasin kan wani dangin korayen ma'adinai ne da ake kira kilorit. Wani abokina direba ya samo min guntu daga duwatsun Atakora, na ajiye shi a bakin taga. Da safe na makara, na sure shi na cusa a aljihu ko kallo ban yi ba (a bakin tagar nan fa Hadiza matata ke shanya tarkacenta).

Na tsaya gaban yara ina hura hanci. Na ce ana gane shi da launin kore, da laushi, har farce na iya kartarsa. Na karta, ya kartu. Na ce yana da santsi a hannu. Santsi kuwa har ya so ya yi yawa. Na ce yana ɓarewa falle-falle kamar bawon albasa. Na ɓanɓara, sai ya gutsure kamar tuwon jiya. Amma bakina ya ƙi tsayawa.

Sufeto ya ce, "Mushe, jiƙa shi mu ga launin da kyau." (Mushe ake kiran malami a makarantunmu na Faransanci.)

Na tsoma shi a kofin ruwa, na murza. Jama'a, sai kumfa! Ƙamshin lemun tsami ya cika ajin. Tsohon guntun sabulun wanki ne, ya bushe ya tsattsage, ƙura ta rufe shi.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Mushe, wanga dutse a wane kanti aka haƙo shi?"

Ajin ya kece da dariya. Ni kuwa (Allah Ya shirye ni) sai na ji kaina ina cewa, "Wani nau'in yakan yi kumfa."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya miƙo min hankicinsa in goge hannu, ya fita.

Ba a ɗauke ni ba. Yanzu albasar garin Garou nake taya surukina sayarwa a kasuwa, tsofaffin ɗalibaina na wucewa suna gaida "Mushe Kumfa". Abin da na koya: sabulun ba shi ya kashe ni ba, ƙarin bayanin ne. In abu ya yi kumfa a hannunka, rufe bakinka kawai.